Ranar da Aka Kai Fai Majalisa

Idan mutum ya shafe rayuwarsa yana hana gwamnati leƙa gidansa, da wace fuska zai leƙa gidan ƙanwarsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, tun abin da ya faru da Merle Ostrander, kuma har yau ban sami amsar da ta zauna mini ba. Duk lokacin da na ce ga ta nan, sai in ga na zalunci wani, ko uwar ko 'yar.

Merle makanike ne, taraktoci da injinan girbi yake gyarawa a garejinsa da ke bakin titin garinmu. Shi ne kuma shugaban iyalan gundumarmu masu koyar da 'ya'yansu a gida, kuma ba da wasa ya riƙi abin ba. Yana yaro aka taɓa kulle mahaifinsa saboda ya ƙi kai su makaranta, a zamanin da yin haka laifi ne a jihar. Bai manta yadda uwarsu ke sauke labule da zarar motar makaranta ta wuce ba, da yadda shi da ƙanwarsa Corrine ke shigewa ƙarƙashin tebur idan aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana. Yanzu doka ta saki. Babu rajista, babu jarrabawa, ba mai tambayarka komai. A ganin Merle da zaman kurkukun mahaifinsa aka sayi wannan sakewa, shi kuma aka bar masa gadinta. 'Ya'yansa huɗu a kan teburin cin abinci matarsa Ardith ta koyar da su, babbar har ta shiga jami'a, kuma ba wanda ya isa ya ce yaran nan ba su da ilimi.

Duk shekara, idan ƙanƙara ta narke, iyalan sukan kai wa 'yan majalisar jiha fai na ceri, wato gasasshen ƙullin fulawa mai cike da jajayen 'ya'yan itacen ceri. Mata sukan taru a kicin ɗin coci su yi ta gashi, a sa kowanne a farin kwali, a ɗaure da jan zare, a manna takarda a sama mai faɗin abubuwan da aka zuba a ciki. Ba a ɗaga allo, ba a ihu. Yara ne ke ɗaukar kwalayen, cikin gogaggun kaya, su shiga ofis su miƙa hannu, su dubi ɗan majalisa ido cikin ido su yi masa godiya. Kowa ya san fai ɗin rakiya ce kawai, yaran ake kai wa a gani. Merle ne kuma ke zaɓen yaran da za su je.

Akwai wadda bai taɓa zaɓa ba. Junia, 'yar Corrine, shekararta goma sha uku, kuma ba ta iya karatu ba. Ba wai tana ja a hankali ba, ko tana tuntuɓe da dogayen kalmomi. Ta san haruffan sunanta, ta san allon tsayawa na kan titi saboda launinsa, iyakarta ke nan. Tana 'yar shekara bakwai hatsi ya rufta da mahaifinta a cikin rumbun masara, yana ƙoƙarin buɗe inda ya toshe, ya rasu a nan. Tun daga lokacin littattafan da Corrine ta sayo suka hau saman firij suka zauna. Ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, ta riƙa dawowa ƙafafu a kumbure, Junia ta riƙe gida da ƙannenta tagwaye. A bakin kowa dai, yarinya tana karatu a gida.

A coci Merle ya gano. Wata Lahadi yana zaune a bayanta, ya ga littafin waƙoƙi a buɗe a hannunta, tana rera baitin daidai ba kuskure, amma shafin na wata waƙa ce dabam. Ya kawar da kai. Mako na gaba ya sake dubawa, abin bai canza ba. Daga nan ya daina zama a bayanta.

Hannun yarinyar a kan fulawa kuwa, har tsofaffin matan coci sun sallama mata. Wannan ya ba Merle mafita mai sauƙi. Duk shekara sai ya dafa kafaɗarta ya ce, “Junia, ke ce kicin ɗin nan, in kika tafi wa za mu bar wa?” Mota ta tashi da sauran yara, ita ta tsaya wankin faranti.

A shekarar da nake ba da labari, an kawo wa majalisa ƙudiri. Yana neman duk iyayen da ke koyarwa a gida su sanar da hukumar ilimi, kuma lokaci lokaci a gwada yaro a karatu da lissafi. Ƙuri'un kwamiti sun rabu biyu, saura ta mutum ɗaya, wani dattijo mai suna Brandvold, tsohon likitan dabbobi, wanda ya ce bai yanke shawara ba tukuna. An sa zaman kwamitin ranar kai fai, kuma Merle na cikin waɗanda za su yi magana.

Ana jibi tafiya, shi da Ardith suna yankan jan zare a gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Ka yi magana da Corrine kuwa?”

“A kan me?”

“Merle, kada ka mai da ni sakarya. Shekara ta nawa ke nan ina yi maka tambayar nan?”

“Gidanta ne. 'Yarta ce.”

“'Yar ƙanwarka ce. Ni na je da ƙafata, na ce ta riƙa turo mini ita da safe mu zauna, ta ce in ji da nawa. Ni matar yaya ce, tana iya rufe mini ƙofa. Kai kuwa cikinku ɗaya.”

Ya ajiye zaren. “Jibi zan tsaya gaban kwamiti in ce ba wanda ke da ikon shiga gidan uwa ya tambaye ta me ta koya wa 'yarta. So kike in sauko daga can in je in yi wa Corrine abin da na hana su? Ranar da na yi mata wannan tambaya, ni da su mun zama ɗaya. Ba zan yi ba.”

“To, ranka ya daɗe, sarkin 'yanci. Miƙo mini almakashi.” Ta yanke zare, ta ƙulla. “Ita dai yarinyar ba ta san an 'yanta ta ba.”

Merle ya tashi ya ce zai duba man mota.

Ranar tafiya mura ta kwantar da yara da yawa, hannu ya yi ƙaranci. Ana cikin loda kwalaye a bas ɗin coci sai ga Junia, cikin shuɗiyar rigar da 'yar Merle ta daina sawa, gashi a kitse tsaf.

“Kawu Merle, Mama ta ce in ka yarda.”

Ya buɗe baki zai yi maganar kicin, matar Fasto ta riga shi. “Haba Merle! Yarinyar da ta gasa rabinsu? Ko so kake ni in ɗauki biyu a ka?”

Aka yi dariya, ido ya dawo kansa. Ya rasa abin da zai ce wanda ba zai jawo wata tambaya ba. Ya sunkuya ya ce wa Junia, “Ba ki rabuwa da ni. Inda na sa ƙafa nan za ki sa taki.” A ransa ya riga ya tsara: shi zai riƙa karanta sunayen ƙofofi, shi zai yi magana, ita ta miƙa kwali ta yi murmushi.

Da suka shiga ginin majalisa ta tsaya cak, ta ɗaga kai tana kallon ƙubba da ginshiƙai.

“Kawu, nan cocin su wane ne?”

“Na masu karɓar haraji. Taho.”

Tsarin nasa ya tafi daidai a ofisoshi da dama. Yana tura amalanken kwalaye, ya tsaya a ƙofa ya faɗi sunan da ƙarfi kamar yana yi wa kansa magana, ita ta ɗauki kwali ta shiga. Ta iya gaisuwa, ta iya kallon mutum a ido. Har ya fara jin kunyar shekarun da ya bar ta a baya, sai suka iso ofishin Brandvold.

Dattijon na zaune ya cire takalmi ɗaya, ƙato ne mai farin gashi da muryar da ta saba yi wa shanu tsawa.

“A'a! Su Ostrander ne da cin hancinsu na shekara! Shigo da shi, ai duk ginin nan babu cin hancin da ya kai wannan daɗi. Ke kuma 'yar wa?”

“Junia ce, yallaɓai. Wannan kawuna ne.”

“Allah ya ba ki haƙuri. Wa ya gasa?”

“Ni ce.”

“Ƙarya! To gaya mini, me ya sa na matata ke fitowa kamar tafin takalmi?”

“Tana yawan murza shi ne, yallaɓai. Man shanun ya zama da sanyi, hannu ma da sanyi. Kuma kada ta taɓa ƙullin in tana fushi.”

Brandvold ya ƙyalƙyale har da bugun tebur. “To ai shi ke nan, ba ranar da zan ci mai kyau a gidana.” Ya jawo kwalin gabansa, ya lalubi aljihun riga, ya lalubi na wando. “Kash, na baro tabarau a zaure. Kin ga, ni almon da gyaɗa da duk danginsu, da sun shiga bakina maƙogwarona ke rufewa. Akwai ranar da sai da motar asibiti ta kwashe ni daga wurin biki. Zo ki karanta mini takardar nan, 'yata, mu ji me kika zuba.”

Merle ya miƙa hannu. “Kawo in…”

“Kai Ostrander, bar ta. Muryarka anjima zan sha ta a kwamiti har in ƙoshi.”

Merle ya jira ta ce idonta na ciwo, ko ta fashe da kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta matsa, ta juyo da kwalin, ta ɗora yatsa a kan layin farko.

“Fulawa,” ta ce. Yatsan ya sauka. “Man shanu. Sukari.” Ta ɗan tsaya, ta ƙanƙance ido kamar rubutun ya yi mata ƙanana. “Ceri. Garin masara. Ruwan lemun tsami. Gishiri kaɗan.”

Abin da take zubawa kullum ta faɗa, da ka. Amma wanda bai sani ba zai rantse karantawa take. Merle ya saki numfashi, har wani abu mai kama da alfahari ya taso masa. Sai idonsa ya faɗa kan takardar ta saman kafaɗarta. Rubutun ba na Ardith ba ne, wadda ke rubuta wa Junia nata. Na wata matar cocinsu ne, matar Vogel, mai karkata, kwalaye sun cakuɗe wajen lodi. A ƙarƙashin yatsan yarinyar, da manyan haruffa, an ja layi biyu, an rubuta cewa akwai niƙaƙƙen almon a cikin ɓawon.

Brandvold ya riga ya ja zaren, yana lalubar cokali mai yatsu a aljihun tebur. “Ko karyawa ban yi ba yau,” in ji shi.

Magana ɗaya ce ta kamata, kuma gajeriya ce: akwai almon a ciki. Amma da faɗinta dattijon zai san yarinyar ba ta karanta komai ba, zai kuma shiga kwamiti da wannan a ransa. Abin da Merle bai yafe wa kansa ba har yau shi ne ya auna. Ran mutum na gefe ɗaya, ƙuri'a na gefe ɗaya, kuma ya tsaya ya auna, ko da na ƙiftawar ido ne. Da ya gama aunawar ma bai faɗi gaskiya ba. Ya yi kamar zai gyara kujera, ya kai wa kwalin gwiwar hannu. Kwalin ya kife a ƙasa, jan ruwan ceri ya fantsama a kan darduma.

“Kawu!”

“Kai, hannun makanike!” Brandvold ya ce yana dariya. “Allah ya sa ba haka kake yi wa taraktocin mutane ba.”

Merle ya durƙusa yana ba da haƙuri, ya tattare komai ya cusa a kwandon shara, takardar a ƙasa. Ya fita ya dudduba amalanke sai da ya ga rubutun Ardith, ya karanta da kansa har sau biyu, sannan ya kawo. Dattijon ya yanka ya ci, ya lumshe ido, ya ce da zai sami jika irin wannan da ya ba da duk nasa a musanya.

Da rana aka shiga kwamiti. Ɗakin ya cika da iyalai har bakin ƙofa. Aka kira Merle, ya tashi ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara da shekaru: Allah bai ba gwamnati yara ba, iyaye ya ba, wanda ya tashi tsakar dare da zazzaɓin yaro shi ya fi sanin abin da yaron ke buƙata, rajistar yau ita ce ƙwanƙwasa ƙofar gobe. Muryarsa ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Bayansa wata matashiya ta yi magana a madadin masu goyon bayan ƙudirin. Ta ce a gida aka rene ta, sai da ta girma ta bar gida sannan ta koyi karatu, kuma duk cocinsu sun sani, ba wanda ya ce uffan. Aka yi gunaguni a baya, wani ya ce 'yar haya ce. Merle ya ƙura wa takalmansa ido har ta zauna.

Da aka zo kan Brandvold, ya jawo lasifika ya yi gyaran murya.

“Na shigo ginin nan yau ban san inda zan faɗa ba. Sai wata yarinya 'yar shekara goma sha uku ta shigo ofishina, ta gaishe ni kamar babba, ta koya mini abin da matata ta kasa koyo tun aurenmu, sannan ta karanta mini takarda tiryan-tiryan, fiye da jikana da ke zuwa makaranta kullum. Ga ta can, mai shuɗiyar riga. Idan irin waɗannan ne yaran, ban ga dalilin da za mu bi iyayensu da jarrabawa ba. Ban goyi baya ba.”

Ƙudirin ya mutu a nan. A kan matakala iyalai suka ɓarke da waƙar yabo, mata suna rungume Junia, maza suna girgiza hannun Merle har kafaɗarsa ta yi tsami. Matar Fasto ta ce, “Ka gani? Da ka bar ta a kicin!” Ya yi murmushi, ya ce lallai Allah ne ya tsara.

A hanyar dawowa suka tsaya shan mai. Kowa ya shiga kanti, Merle ya tsaya a jikin bas yana riƙe da tiyo. Junia ta zo ta jingina kusa da shi, tana wasa da jelar kitsonta.

“Kawu Merle, na yi daidai ko? Bai gane ba.”

“Gane me?”

Ta dube shi irin kallon da babba ke yi wa yaron da ke ɓoye abu a bayansa. “Haba Kawu. Ai ka sani. Ba shi ya sa kake barina a kicin ba?”

Ya mai da ido kan lambobin famfo da ke gudu.

“Ni ban ji haushi ba,” ta ce da sauri, kamar ita ce ke lallashinsa. “Na san in aka gane za a raba mu da Mama. Shi ya sa nake kiyayewa. Ba shi da wuya fa. Ka riƙa motsa yatsa, ka ɗan tsaya a tsakiya, kada ka yi sauri. Har na fara koya wa tagwaye, Amos ya iya, shi Abel ne yake dariya ya ɓata. Amma da ba ka tsorata ka zubar da fai ɗin ba. Ai na riga na gama.”

Ta juya ta bi sauran yara cikin kanti. Mai ya cika ya tumbatsa ya zubo masa a takalmi kafin ya farga ya saki.

Sauran tafiyar yana tuƙi ana waƙa a bayansa, shi kuwa yana shari'a da kansa. Ya bi maganar da ya yi a kwamiti layi layi yana neman ƙaryar da ke ciki, bai samu ba. Har yanzu ya yarda gwamnati ba ta son yaron kowa, ma'aikacin da zai zo da jarrabawa ko sunan Junia ba zai riƙe ba. Amma wannan marar ƙaunar da tuni ya gano abin cikin rabin safiya, su kuwa masu ƙaunarta sun taru sun rufe shi shekaru. Ya ɗauka shirunsa girmama Corrine ne. Ashe yarinyar na kallonsa, tana ɗaukar darasi, kuma darasin ɗaya tilo da kawunta ya koya mata ta haddace shi har tana koyar da ƙannenta. Ya ce wa kwamiti a bar wa dangi da coci su kula da nasu. To shi ne dangin, shi ne kuma cocin.

Da ya isa gida ya ba Ardith labari a tsaye, ko hula bai cire ba. Ya jira ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba, ta zauna a kujera ta rufe baki da hannu, shi kuma ya ji da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari da hantsi bai buɗe gareji ba. Ya tuƙa zuwa gidan Corrine, ya daɗe a cikin mota kafin ya fito. Junia na bayan gida tana shanya, tagwayen na bin kaza. Ya tarar da ƙanwarsa a kicin da rigar aiki, ta tsoma ƙafafu a roba mai ruwan ɗumi.

“Ga jarumi!” ta ce. “Tun jiya wayata ba ta huta ba, wai 'yata ce ta kayar da doka. Zauna, akwai kofi a tukunya, sai dai ka zuba da kanka, ni ko Gwamna ne ya shigo ba zan tashi ba.”

Ya zauna, bai zuba kofin ba. Ya ɗora hannayensa a kan tebur.

“Corrine, me kike koya wa Junia?”

Ta yi dariya, ta ga bai yi ba, dariyar ta tsaya. “Wa ya aiko ka? Ardith?”

“Ba wanda ya aiko ni.”

“Ikon Allah. Ba kai ne jiya aka ce ka tsaya gaban manya ka ce ba mai shiga gidan uwa ya yi mata wannan tambayar ba? Ko wani Merle ne dabam?”

“Ni ne.”

“To ka san hanyar da ka shigo.”

Bai tashi ba. Ya ba ta labarin ofishin Brandvold daga farko, da yatsan, da rubutun matar Vogel, da cokalin da dattijon ke lalube. Bai rage nasa ba, ya gaya mata ya auna, ya gaya mata abin da ya zaɓa. Ya ƙare da maganar Junia a gidan mai, da abin da take koya wa tagwaye. Corrine na kallon ruwan da ke cikin roba, bai ga ta ko ƙifta ido ba.

“Tun yaushe ka sani?” ta ce.

“Da daɗewa.”

“Da daɗewa.” Ta fitar da ƙafa ɗaya, ruwa ya zuba a ƙasa. “Kana gani ina nutsewa, kullum Lahadi ka gaishe ni ka ce yaya yara, in ce lafiya, ka ce madalla ka wuce? Ni na ɗauka ba ka sani ba, Merle! Kullum ina cewa wata mai zuwa zan fara, wata mai zuwa zan fara, ina ɓoye maka don kada in kunyata ka, kai da Baba. Ashe ka sani!”

“Na ɗauka haƙƙinki nake karewa.”

“Haƙƙina! Ka ji shi.” Ta share hanci da bayan hannu. “Da Ardith ta zo, kallon da take yi wa kicin ɗina kaɗai ya isa in kore ta. Kai nake jira. Ba ka zo ba, sai yau da ka gama cin nasara da 'yata.”

Ya karɓi wannan bai kare kansa ba, domin bai ga ta inda zai kare ba. Daga waje ana jin muryar Junia tana yi wa tagwaye tsawa su bar kazar.

“To yanzu me kake so?” in ji Corrine.

“A kira ta. A ba ta abu ta karanta, ni da ke muna zaune, mu ji inda ta tsaya da kunnenmu. Su ma tagwayen. In abin ya fi ƙarfin Ardith, akwai malamar karatu a makarantar gari, ni zan kai ta.”

“Makarantar gwamnati. Kai.”

“Ni.”

“Wannan ai jarrabawa ce, Merle.”

“Jarrabawa ce.”

“Za ta tsane ka. Jiya kowa na rungumarta.”

“Na sani.”

Corrine ba ta ce e ba, ba ta kuma sake nuna masa hanya ba. Ta mai da ƙafar cikin ruwa, ta juya fuska ga bango. Merle ya jira ko za ta yi kiran da kanta, ya ga ba za ta iya ba. Sai ya tashi, ya buɗe ƙofar baya. Yarinyar na tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta gan shi ta washe baki.

“Junia,” ya ce, “ajiye shanyar nan ki zo.”